Allon Abuja da Na Ɗauko Daga Kumasi

Ranar da na isa Kumasi ruwa ake yi, irin ruwan nan da ba tsawa ba iska, zuba kawai yake kamar an manta famfo a buɗe. Ni da Tanko muka sauka a babbar tasha, shi da lema, ni da akwatin buroshina a ka. Tankon nan shi ne ya same ni a tashar garinmu ina rubuta "Allah Ya Kiyaye" a bayan wata roka, ya tsaya yana kaɗa kai, ya ce wannan hannun ya fi ƙarfin Abuja. Ya ce ƙasar Gana za ta koma tuƙin hannun dama kamar yadda muka koma, duk allunan hanya za a sake su, kuma ba irin namu na fenti ba, irin waɗanda suke kama haske da zarar fitilar mota ta dalle su. Ya ce masu rubutu ake nema ruwa a jallo.

In ka ji na ce Abuja, kada ka hango benaye. A wancan lokacin ɗan ƙaramin gari ne a tsakanin duwatsu, kusa da dutsen Zuma, ba a fara maganar babban birni ba tukuna.

Ni kuwa mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki. Babana maƙeri ne, kakana maƙeri ne, maƙerarmu tana bakin hanya wajen Kwamba. Ni kaɗai ne namiji a gidan, kuma ni ne na ajiye guduma na ɗauki buroshi. Baba ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya sa abokansa sun yi mini, ban ji ba. Ranar da ya gaji ya ce mini a gaban mutane, "Isiyaku, tunda shafe-shafe ka zaɓa, ƙafarka kada ta sake taka maƙerata." Daga ranar bai ƙara yi mini magana ba, in na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Abin ya ci ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma ni ma jininsa ne, kaina ba ya lanƙwasuwa. Na ce sai na kawo aikin da zai sa shi da bakinsa ya ce in shigo.

Daga tasha Tanko ya ja ni zuwa wani yadi a unguwar masu gyaran motoci. Mai yadin wani ƙaton Ba'asante ne mai tumbi, kowa Masta yake ce masa. Suka yi ta magana da yarensu, suna kallona suna dariya, ni ma ina yashe baki kamar sakarai. Can Tanko ya ce, "Kawo akwatin in kai maka masauki, kar ruwa ya ɓata maka kaya. Yanzu zan dawo." Na sauke na miƙa masa, har da godiya. Buroshina suna ciki, takarduna suna ciki, da babbar rigata guda ɗaya tak. Har yau da nake wannan rubutu Tanko bai dawo ba.

Da safe Masta ya miƙo mini diga. Na ce masa ni mai rubutu ne. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce da 'yar Hausarsa ta kasuwa, "Mai haƙa rami aka kawo mini. Kana so, ka ɗauka. Ba ka so, ga ƙofa. Amma baƙo marar takarda, 'yan sanda suna son shi."

Na ɗauki diga. Me zan yi?

Haka na shiga haƙa ramukan da ake kafa ƙafafun alluna. Ƙasar can ja ce, mai danƙo, in ka kafta diga sai ta riƙe ta. Kowane allo muka kafa sai a rufe masa fuska da buhu a ɗaure, don ba a so direbobi su rikice kafin ranar sauya hannu. Wato ni da na bar gida don in ga allo mai haske, wata da watanni ina ɗaukarsa a kafaɗa, ina zuba masa kankare, ban ga fuskarsa cikin dare ba ko sau ɗaya. Hannuna ya yi kanta, ya fashe, ya sake yin wata.

A barandar wani masallaci a Zango nake kwana. Zango nan ne unguwar Musulmi baƙi, kuma Hausa ake yi, amma Hausar da in ka ji ta sai ta ƙara maka kewar gida. A ƙofar masallacin wata dattijuwa take sayar da wake da shinkafa, Mma Adiza. Ranar farko ta zuba mini, ta tsaya tana kallon yadda nake ci.

"Kai yaro, ɗan ina ne?"

Na ce, "Abuja."

"Ina ne kuma nan? Ƙasar Kano ko Sakkwato?"

Na ce ba ko ɗaya. Na yi mata kwatance da Bida, na yi da Kaduna, na yi da dutsen Zuma. Ta juya ta tambayi mazan da suke kan benci, babu wanda ya taɓa jin sunan. Wani mai goro ya ce, "Ƙyale shi, Mma, gudowa ya yi, ya ƙirƙiro gari." Suka bushe da dariya. Na ajiye cokali na ce masa garinmu yana da sarki, yana da ganuwa, kuma ba a taɓa cin sa da yaƙi ba, shi ya faɗi nasu garin in ji. Ashe a Zangon aka haife shi, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Duk da haka sunan ya bi ni, yara ma "Ɗan Ba-gari" suke ce mini.

Mma Adiza ita ce ta riƙe ni. In na dawo da zazzaɓi ita take dafa mini ganye. In ba ni da ko sisi sai ta ce in wanke mata tukunya, don kar in ji kamar bara nake. Wata rana ta ga yadda tafin hannuna ya koma, ta ce, "Isiyaku, akwai motar goro da za ta ƙasarku. Direban ɗan ƙanwata ne. In sa baki ya ɗauke ka? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Na ce, "Mma, na gode. Amma in koma in ce wa Baba me? In ce na tsallake ƙasa uku na koyo haƙa rami? Gara a binne ni a ɗaya daga cikin ramukan."

Ta ce, "A'uzubillahi! Wannan baki naka." Ta ƙara mini rabin ƙwai.

Ranar da aka sauya hannu, tun da sassafe muke bin hanya muna kwance buhuna. Sai bayan magariba muka kamo hanyar gari, muna tsaye a bayan tifa. Direba ya kunna fitila. Wallahi ban san lokacin da na yi salati ba. Allunan da na yi ta ɗauka kamar gawa, ga su nan suna tashi ɗaya bayan ɗaya daga cikin duhu, fari tas, ja wur, in mun wuce su mutu, na gaba ya kama. Babu waya, babu batir, ni na kafa su na sani. Sauran leburori suna ta ihu suna tafi. Ni kuwa baƙin ciki ne ya cika ni, don ba hannuna ne ya yi su ba. A bayan tifar nan na rantse ba zan bar garin ba sai na iya.

Bayan sati aka sallami masu haƙa rami. Ni ban tafi ba. Kullum sai in zo in zauna a ƙofar yadi, Masta ya kore ni, gobe in dawo. Ana cikin haka mutumin da yake naɗe bakin fallayen ƙarfe, don kar iska ta lanƙwasa allo, ya tattara ya tafi Legas neman kuɗin man fetur. Ka ji ikon Allah, kowa yana gudu zuwa ƙasarmu, ni na gudo daga cikinta. Aiki ya tsaya, Masta yana ta zage-zage. Na daɗe ina kallon gudumar nan a ƙasa. Na tsane ta, don saboda ita aka kore ni daga gida. Amma na tashi na ɗauka, na jawo falle ɗaya na naɗe bakinsa kamar yadda Baba yake naɗe bakin murhun gawayi da kwanon awo. Masta ya shafa da yatsa ya ce in zo gobe. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Shekara biyu na yi ina dukan ƙarfe a tsakar yadi, ɗakin da ake manna hasken kuwa yana kulle, makullin yana wuyan Masta. In na ce ya koya mini sai ya ce shekara mai zuwa. Da na ga shekara mai zuwan ba ta da ranar zuwa, sai na ce a bar mini sharar ɗakin. Da tsintsiya a hannu na yi karatuna. Ashe ba fenti ba ne, wata irin takarda ce mai kauri da ake kawowa a naɗe daga ƙasar Turai ta jirgin ruwa, an shuka mata ƙwayoyin gilashi ƙanana da ba su kai ƙwayar gero ba. Da reza ake yanka harafi, a ɗora a kan ƙarfen da aka wanke tas, a shimfiɗa ƙyalle, a bi da zafi har ta kama. Injin ɗumamawar Masta ya lalace tun tuni, da dutsen guga na gawayi yake yi.

Ranar da aiki ya yi masa yawa ya miƙo mini dutsen gugan. Na cika shi da garwashi irin na maƙera, na ɗora, harafin ya ƙone ya naɗe kamar ganda. Masta ya ɗaga hannu zai mare ni. Na cafe hannun a sama. Na ce, "Masta, ubana da ya haife ni ma bai mare ni ba, kora ta ya yi. In kora ce, ka kore ni." Ya fizge hannunsa, ya zage ni da yarensu har ya gaji, sannan ya zubar da rabin garwashin ya ce in sake. A ranar na manna harafina na farko.

Ina cikin wannan hali wata rana da yamma mai goron nan ya kira ni da ƙarfi daga kan bencin Mma Adiza, rediyo a kunnensa. "Ɗan Ba-gari! Zo ka ji! An ce ƙasarku za ta tashi daga Legas, sabon babban birni za a yi, wai Abuja!"

Jama'a, ranar Zango ta ji ni. Na hau kan benci na ce ina masu cewa na ƙirƙiro gari? Na ce kowa ya zo ya gaishe ni tun yanzu, don gobe sai da takarda za a ga ɗan babban birni. Mma Adiza ta yi guɗa ta ce ita dama ta san yaron nan ba ya ƙarya. Ban tambayi kowa ba, ban ƙara bincike ba. Abuja ɗaya na sani a duniya, kuma a cikinta aka yanke mini cibiya.

A daren na yanke abin da zan yi. Zan yi allo da hannuna, in rubuta ABUJA, in kai shi gida in kafa a mararrabar shiga gari. Duk wanda zai shiga babban birnin ƙasa, minista ne ko gwamna, sai ya bi ta ƙarƙashin aikin ɗan maƙerin Kwamba. Baba ma in zai je kasuwa sai ya gan shi.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Lokacin ƙasar ta shiga matsi, sabulu ma sai da layi, sukari sai a bayan kanta. Takardar haske ta daina zuwa, Masta ya koma gyaran ƙofofin mota. Abin da ya cece ni shi ne shara. Tun ina share ɗakin nake tara guntayen da reza ta zubar, da sanin Masta, don ya ce shara ce in kwashe. Sun cika gwangwani biyu, wani guntun bai fi farce ba. Na samo gefen wata tsohuwar mota na buge shi ya miƙe, girmansa kamar rabin ƙyauren ɗaki, na naɗe bakinsa, na ɗaure masa haƙarƙari biyu ta baya, na shafe shi da kore. Sannan na zauna haɗa haruffa biyar da guntaye, ɗaya kusa da ɗaya, kamar mai ɗinkin tsumma. Damina guda na yi ina wannan aikin. Da rana in ka dube shi duk tabo ne, kamar kan mai ƙyasfi. Amma ranar da Masta ya juyo da motarsa ya dalle shi, tabon nan duk ya ɓace, sunan garinmu ya tashi fari fat. Masta ya daɗe bai kashe fitilar ba. Ya ce, "Kai mugun taurin kai ne da kai. Je ka gida."

Mma Adiza ta naɗe mini allon da tabarmar da take salla a kai, ta ɗaure da igiya, ta ƙulla mini garin rogo da ƙuli-ƙuli. Na durƙusa zan yi godiya, kuka ya ƙwace mini. Ta ce, "Tashi, ƙaton banza. In ka je ka ce wa babanka wata tsohuwa a Kumasi ta ce ya ji tsoron Allah."

A iyakar ƙasar aka fara. Wani jami'i ya sa na kwance tabarma, yana ganin allo ya ce kayan gwamnati ne na sato daga kan hanya. Na ce, "Ranka ya daɗe, wace hanya ce a ƙasarku take zuwa Abuja? Nuna mini ita in bi, na huta da zagaye." Bai ji daɗin maganar ba. Suka tura ni wani ɗaki mai zarni, suka jingine allon a waje cikin rana. Motar da na biyo ta gaji da jira ta tafi. Da yamma ya ce in bar allon in wuce, ko kuma in kwana. Na ce a kawo tabarma. Kwana biyu na yi a wurin. Da suka ga ba ni da niyyar gajiya, sai suka ƙwace 'yar rediyon da na saya wa mahaifiyata tsaraba, suka wurgo mini allon. Kusurwa ɗaya ta lotsa, na miƙe ta da dutse a bakin hanya.

Lome da Kwatano na wuce su a saman buhunan masara, allon a kan cinyata, rana tana gasa ƙarfen yana gasa ni. A Legas wani kwandasta ya ce sai na biya wa allon kujera, na ce to shi ya zauna ni in tsaya, haka kuwa aka yi. A Ilori wani mai shago ya so ya saya ya toshe rufinsa da yake yoyo. Na ce masa ya je ya toshe da hularsa.

Daga Ilori na samu wata babbar mota mai ɗauke da siminti za ta bi ta wajen garinmu. Direban Bayarabe ne, ba ya jin Hausa sosai. Na ce masa Abuja, ya ce in hau sama, in na ga wurin saukata in buga masa. Muka wuce Jebba, muka wuce Mokwa, muka wuce Bida. Daga Lapai na fara jin ƙamshin ƙasarmu, na ga matan Gwari da itace a kafaɗa. Duhu ya same mu a hanya. Hanyar duk ta sauya mini, an faɗaɗa ta, an sare itatuwan da na sani. Can bayan lisha fitilar motar ta dalle wani sabon allo mai haske a wata mararraba, da kibiya tana nuna hagu: SULEJA. Na bi shi da ido irin na mai sana'a, na ce a raina wanda ya yanka wannan harafin hannunsa yana rawa. Sunan kuwa na ɗauka wani sabon ƙauyen leburori ne. Na gyara zama ina jiran a nuna Abuja.

Sai da na ga dutsen Zuma ya tsaya a gabana baƙi ƙirin cikin farin wata, sannan gabana ya faɗi. Duk ɗan garinmu ya san in ka taho ta wannan hanya ka ga Zuma a kusa haka, ka bar gida a baya. Na dinga dukan kan mota kamar mahaukaci. A Madalla ya sauke ni.

Wani mai shayi yana kwashe kayansa. Na yi sallama na ce, "Malam, don Allah ina hanyar Abuja ta koma?"

Ya ce, "Wacce? In sabuwar ce, ga ta can gaba, daji ne sai katafila. In tsohuwar ce, ai ba Abuja ba ce yanzu, Suleja ce. Gwamnati ta roƙi sunan, sarki ya bayar. Kai daga ina kake da ba ka sani ba?"

Na zauna a kan allon. Shekarun nan duka, da ramukan, da guntayen da na tsinta da farce, da kwana biyun ɗakin zarni, ashe sunan da aka kyautar nake ɗauke da shi a ka. Mai shayin ya sake hura wuta ya haɗa mini, ya ƙi karɓar komai. Da na sha sai na ji wani irin fushi ya taso mini, wanda ya fi na ranar da Tanko ya gudu. Na ce in sun ɗauki suna, ba su ɗauki hannuna ba. Da asuba na ɗora allon a ka na kamo hanyar gida a ƙasa.

Mahaifiyata ta rungume ni tana kuka. Baba yana cikin maƙera. Na tsaya daga bakin ƙofa, inda ƙafata take da izinin tsayawa, na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗaga hannu, ya ci gaba da duka. Kafin azahar unguwa ta taru a ga abin da na kawo daga Gana. Na kwance tabarma. Sai wani ya tuntsire da dariya, sauran suka kama. "Ya kawo mana sunan da aka kai daji!" "Wai shekara nawa ya yi yana wannan faci?" Wani dattijo ya ce, cikin tausayi, in goge in rubuta sabon suna. Na ce da me? Guntun ƙarshe yana jikin wasalin ƙarshe. Kuma ko da akwai, ba zan goge ba.

A gaban maƙerar akwai wata bishiyar dalbejiya a filinmu, tana kallon hanya. Na samo waya na ɗaure allon a jikinta, sama yadda yaro ba zai kai ba. Baba yana gani, bai ce in ɗaure ba, bai ce in sauke ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne motocin da suke kai kaya sabon birni. Direbobi baƙi ne, daga kudu, daga arewa, an ce musu su kai kaya Abuja, kuma da yawa ta gabanmu suke bi in sun ɓace. Da duhu ya yi, mota ta farko ta ci birki a ƙofar maƙera, direban ya leƙo yana tambayar inda zai juye rodi. Kafin sati ya cika abin ya zama ruwan dare. Mutanen unguwa kuwa suna ta mamakin abin da direbobin suke gani, don allon nan wanda yake bayan fitila kaɗai yake mayar wa haske, kai da kake tsaye a gefe baƙin ƙarfe kawai za ka gani.

Wata rana bayan magariba wata mota ta tsaya, ƙarfen da yake riƙe da ƙyauren bayanta ya karye. Baba ya gyara masa. Ina zaune nesa a kan dakali na ji yana tambayar direban, "Wai ni me kuke gani ne a jikin bishiyar nan da kuke tsayawa?" Direban ya ce, "Baba, hau ka gani." Ya kama hannunsa ya taimaka masa ya hau gaban motar, ya ja da baya kaɗan, ya kunna fitila. Baba bai iya karatun boko ba. Ban san abin da ya gani ba, amma ya daɗe a ciki, har direban ya fara leƙa agogo. Da ya sauko ya wuce ta gabana ya shiga gida, ko kallona bai yi ba. Ranar na ce a raina shi ke nan, na yi iyakar yina, gobe in nemi motar Kaduna.

Da hantsi, ina ɗaure 'yan kayana, wata farar mota ta tsaya. Wani mutum mai hular kwano ya fito, shugaban leburorin wani kamfani da yake aikin hanya, da mutum biyu riƙe da filaya. Ya ce, "Wa ya kafa wannan? Yana ɓatar mana da direbobi. Nan ba Abuja ba ce. Ku sauke shi."

Na ruga na tsaya a gindin bishiyar na buɗe hannuwa. Na ce, "Ni na kafa. Wanda zai sauke shi sai ya fara sauke ni." Mutane suka fara taruwa. Ɗaya daga cikin leburorin ya kama kafaɗata zai ture ni.

Sai na ji gudumar cikin maƙera ta tsaya.

Baba ya fito, awartaki a hannunsa, da jan ƙarfe a bakinsa yana hayaƙi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, sake shi." Lebura ya sake ni. Baba ya dubi mai hular kwano ya ce, "Suna sarki ya bayar, mun ji, mun bi. Amma wannan ƙarfen ba na sarki ba ne, ba na gwamnati ba ne. Ɗana ne ya buge shi, ɗana ne ya naɗe bakinsa. Tun da asuba na hau turmi na shafa shi, kuma babu mai irin wannan naɗin a garin nan, har da ni. A filina yake, a bishiyata yake. Direbobinka suna da baki, su yi tambaya."

Mutumin ya ce zai kai ƙara. Baba ya ce Allah ya kiyaye hanya. Suka shiga mota suka tafi, allon yana inda yake.

Ni dai ina tsaye a gindin bishiyar. Baba ya dubi ƙarfen da yake bakin awartaki, ya ga ya fara baƙi. Ya yi tsaki.

"Kai kuma ka tsaya ka saki baki, ƙarfe yana hucewa. Shigo ka ja mini zuga-zugi."

Na cire takalmina a bakin ƙofa na shiga.